Sawun Keke Daga Ɗakin Uwa Zuwa Ɗakin Miji: Shirya Bikin Masu Keken Guragu a Damargu

Kafin a kira tela, kafin a yi cinikin goro, a fito da keken amarya a bi da shi hanyar da za ta bi ranar biki. Ita da kanta ta hau, domin keken da ba kowa a kansa yakan wuce sumul a wurin da zai kafe in ya ɗauki nauyin mutum. A fara daga bakin gadonta a gidan mahaifinta, a ratsa tsakar gida, a leƙa ban ɗaki, a bi ta zaure, a fita ƙofar gida inda mota za ta tsaya. A can gidan miji kuma a ɗauko daga inda za a sauke ta har cikin ɗakin da za a yi mata jere. Wani yaro ya biyo baya da gawayi da ɗan kwanon toka: inda gefen keke ya gogi bango ya ja layi, inda taya ta nutse ya barbaɗa toka. Ango ma ya yi nasa zagayen da nasa keken, har wurin ɗaurin aure. Abin da gawayi da toka suka nuna shi ne aikin bikin, kuma shi ya kamata ya fara cin kuɗi, kafin anko da makaɗa.

Duk ɗan Damargu ya san dalilin farawa da ƙasa. Tanut tana kan kwaltar da ta taso daga Zinder ta nufi Agadas, kusan kilomita 150 arewa da Zinder, amma da ka sauka daga kwalta sai rairayi. Belbeji, wadda aka yanke daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, da ƙauyukan Tarka da Gangara da Olelewa da Falanko, duk labarin ɗaya ne. Keken asibiti mai ƙananan tayoyi biyu a gaba, don daɓen siminti aka ƙera shi. A rairayi waɗannan ƙananan tayoyin ke fara nutsewa, mai zama ya tafi gaba kamar zai kife. Keken hannu mai taya uku, irin wanda masu walda ke haɗawa, ya fi jure hanya, sai dai dogo ne, ba ya naɗuwa, ba ya kuma iya juyawa a cikin ɗaki. Mutane da yawa da shi suke yawon gari, in sun iso gida su sauka su yi rarrafe. Saboda haka kada kowa ya yi wa ma'auratan zato. A tambaye su, kowanne shi kaɗai: da wane keke za ka zauna a taro? Ina kike so a taimaka miki, ina kuma kike so a bar ki?

A kuma riƙa tunawa kekuna biyu ne. In ɗaya daga cikin ma'aurata yana takawa, shi ke turawa, shi ke miƙo abin da ke sama, sai a yi ta lallaɓa gida yadda yake. A nan babu wannan. Ranar da dangi suka watse, su biyu za a bari. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗora shirin biki a kan ƙarfin samari masu ɗaga mutum su tsallakar da shi. Samari na kwana uku ne. Amaryar da ta sha lalle da turare ba ta son hannun ƙartin unguwa a jikinta, ango kuwa ba ya so a sungume shi kamar buhun hatsi a gaban surukai. Duk abin da za a gyara, a gyara shi yadda zai zauna bayan biki.

Tun wurin neman aure ake fara jin tambayar: "To, Malam, wa zai ɗebo wa wani ruwa?" Kada baffan ango ya ɗauke ta cin fuska, tambayar uba ce mai jin tsoron wahalar 'yarsa. Amsarta a je da ita a shirye: ga sana'ar yaron, ga gyaran da za a yi wa gida, ga ɗan garuwan da aka yi magana da shi, ga 'yar zaman ɗakin da al'ada ta riga ta tanada wa kowace amarya. Akwai wata tambayar da ba a cika furtawa ba, ta abin da za a haifa. Shan inna ƙwayar cuta ce da ke kama yaro, ɗigon rigakafi ke tare ta, ba a gadonta. Wanda ya ji rauni a hatsarin mota ko ruftawar rami a wuraren haƙar zinariya irin na Jado, shi ma ba zai gadar wa ɗansa ba. In gado ake tsoro, gwajin jini na sikila ya fi cancantar kuɗin mota zuwa asibiti.

Wurin sa rana, a guji damina, domin korama kan yanke hanya, taɓo kuma ya cika taya ya cika hannun mai murza ta. A guji bazara ma, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Wanda lakar gadon bayansa ta taɓu sau da yawa ba ya yin gumi daga wurin raunin zuwa ƙasa, zafi na iya galabaitar da shi ba tare da kowa ya lura ba. Bayan kaka ya fi, daga Nuwamba zuwa Janairu, ga hatsi a rumbu ga sauƙin rana. Abin lura biyu ne kawai. Ƙafar da shan inna ya taɓa tana saurin ɗaukar sanyi, a tanadi bargo don zaman dare. Sannan lokacin ne ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa suka bushe suka bazu. A share hanya da wurin taro sau biyu, a sayi tif na ajiya da famfo, a kuma gayyaci mai faci a matsayin baƙo na musamman, da kayan aikinsa.

Yanzu aikin magini. Dokin ƙofa shi ne babban abokin gabar keke, amma kada a rushe shi, shi ke hana ruwan damina da rairayi shiga ɗaki. Gangare za a yi masa ciki da waje. Ƙa'idar da masu zanen gini ke bi ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi santimita 12 na tsawo. Dokin ƙofa mai santimita 15 yana buƙatar gangare mai mita 1 da santimita 80. Mai santimita 20, mita 2 da santimita 40. Magini zai ce ya yi yawa, zai so ya taƙaita shi zuwa rabi. Kada a yarda. Gajeren gangare mai turawa ne kawai ke iya hawa da shi, mai murza kansa sai dai ya dawo da baya. Faɗinsa ya kai mita 1, a ɗan tayar da gefe biyu yadda taya ba za ta zame ba, a bar fili shimfiɗaɗɗe a bakin ƙofa inda keke zai tsaya a buɗe ta, a kuma ja tsintsiya a kan simintin tun yana ɗanye don ya yi kaushi. Faɗin keke yakan kama daga santimita 60 zuwa 70, ga kuma hannun mai murzawa a kowane gefe, don haka ƙofar da ba ta kai santimita 80 ba za ta ci fatar yatsu. 90 ya fi. A gidan ƙasa faɗaɗa ƙofa aikin yini ɗaya ne.

Tsakar gida ba sai an malale ta duka da siminti ba. Hanya ake so mai faɗin mita 1 da ɗoriya, daga zaure zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa ban ɗaki da madafa. A nan kakanninmu sun bar mana sana'a: daɓe. A kwashe rairayin sama, a zuba burji da jar ƙasa, a jiƙa, mata su taru da madaɓi su yi ta bugu har ya yi ƙarfi, a bi shi da makuba in an samo daga kasuwannin kudu, ko ɗan siminti. Gayya ce ta 'yan kwanaki, kuma ta fi kyautar atamfa ta goma amfani ga amarya. Sai dai rijiyoyin Damargu zurfi gare su, ruwa ba arha ba ne, a sa kuɗin jarkoki cikin lissafi tun farko. Ba a fafe gora ranar tafiya: daɓe da siminti duk suna son kwanaki su bushe, a gama su aƙalla mako biyu kafin kamu. Tabarmar roba a kan rairayi kuwa yaudara ce, tattarewa take yi ta naɗe taya. In wuri na wucin gadi ne, katako ya fi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, dole a yi maganar ban ɗaki. Na sha ganin mai keke ya ƙi shan ruwa tun asuba a ranar taro don kada ya buƙaci zagayawa, ya yini da ƙishi da ciwon kai yana murmushi. A kai wa mai walda tsohuwar kujerar ƙarfe ya huda mazauninta, ya daidaita tsayinta da mazaunin keke, a ɗora ta a kan ramin masai, a kafa ƙarfen dafawa a gefe, a ajiye buta a kan bulo inda hannu zai kai. Ɗaya a gidan amarya, ɗaya a gidan ango. Wadda aka yi amfani da ita a gidan uba sai ta bi kayan gara.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne jere. Ɗakin amaryar Bahaushe wurin nuna gata ne: gado, kabad, kujeru, teburin tsakiya, tasoshi jere har kusa da rufi, kafet mai laushi. Gwaggonni na auna mutuncin gidansu da yadda ɗaki ya cika. Keke kuwa yana buƙatar da'ira mai faɗin mita 1 da rabi kafin ya juya, kuma a nan guda biyu ne. A zana wannan da'ira da gawayi a tsakiyar ɗaki kafin kaya su iso, a ce duk abin da ya shiga cikinta zai fita. Kada a manna gado da bango ta gefe. Kowane ɓangare a bar wajen santimita 90, kowa ya samu ta inda zai hau, ya kuma ajiye kekensa kusa da hannunsa. Tsayin gado da katifa ya yi daidai da mazaunin keke, wajen santimita 45 zuwa 50. Kafinta ya rage ƙafafun. In kuwa ma'auratan masu rarrafe ne a cikin ɗaki, katifa a ƙasa ta fi musu, da leda mai sauƙin gogewa maimakon kafet. Abin amfanin yau da kullum ya zauna ƙasa da mita 1 da santimita 20, kayan ado su hau sama. Wannan magana amarya ba za ta iya faɗa wa iyayenta mata ba, kunya ba za ta bari ba. A samu babbar yaya ko ƙanwar uwa mai faɗa a ji ta tsaya: "Gwaggo, kujerun nan ba mayar da su za a yi ba, ga ɗaya ɗakin can za a jera su kowa ya gani. Nan dai a bar wa 'yarki wurin juyawa." In an ba kayan wurin da baƙi za su yaba, yawanci rigimar takan mutu.

Kamu wasa ne, a bar shi wasa, amma a gaya wa ƙawaye da dangin ango kada wanda ya ja keken amarya ko ya ɓoye shi. Keken ƙafarta ne. Wajen ƙunshi ma a yi tunani: in an ƙunshe hannu biyu lokaci guda an ɗaure ta ke nan na sa'o'i, a yi ɗaya bayan ɗaya, ko babbar ƙawa ta zauna da ita har a kwance. Babban haɗari yana wurin wuta. Mai shan inna tana jin zafi a ƙafarta, za ta yi magana. Wadda lakarta ta taɓu ba ta ji, kaskon turare ko garwashin gasa lalle ko ruwan wanka mai zafi zai iya ƙona ta ba ta sani ba, ƙunar kuma ta daɗe ba ta warke ba. A turara kayan sawarta daban sannan ta sa, a gwada ruwa da gwiwar hannu, baƙin lalle na kanti kuma a ɗan shafa a damtse kwana biyu kafin rana a ga ko fata za ta karɓa. In al'adar gidan a zaunar da amarya a kan turmi ne ranar wanka, kujera mai majingina ta maye gurbinsa. Ga amarya ko angon da lakarsa ta taɓu, dogon zama wuri ɗaya yana jawo gyambo a mazauni. Su riƙa ɗan ɗaga jiki ko karkata kowane minti 15 zuwa 30, a kuma ware musu ɗakin da za su kishingiɗa tsakanin sha'ani da sha'ani.

Tela ya yi awo suna zaune a kan kekensu. Bayan riga ya fi gaba tsawo, kada a sa duwatsu ko kauri na surfani a inda za a zauna a kai. Hannun babbar riga da bakin mayafi ko lafaya su ne ke shiga wayoyin taya, a rage su ko a kama da fil.

Ɗaurin aure da wakilai ake yin sa, ko ango bai zo ba aure ya ɗauru. Wannan sauƙi ne da shari'a ta bayar, amma ga mai keke yakan zama hanyar da ake cewa "ka zauna gida, mun hutasshe ka." In shi ya zaɓi haka, to. In yana so ya ji fatiharsa da kunnensa, a ba shi wuri kusa da liman da waliyyai, ba can baya wajen tarin takalma ba. A ƙofar gidan uban amarya abin da sauƙi, a bar masa gibi tsakanin tabarmi. In a masallaci ne, a yi magana da liman da ladan tun kwana biyu kafin nan, a zo da tsumma da ruwa a goge tayoyi a bakin ƙofa a idon jama'a, a sa yaro ya kawar da takalma daga mashiga. Goro da dabino a fara miƙa wa waɗanda ba za su iya shiga wawaso ba.

A rumfar yinin biki kada a yi dandamali. Ango da amarya su zauna a ƙasa ɗaya da jama'a, a kan kekunansu in sun so, a yi wa kekunan ado. A bar hanya a tsakiya mai faɗin mita 2 yadda keke biyu za su gifta juna. A kuma sa ran baƙi masu keke da yawa, domin abokan ango da ƙawayen amarya, da 'yan ƙungiyarsu, da sarkin guragu in garin yana da shi, za su zo. A ware inuwa ta ajiye kekuna masu taya uku, da tabarma mai tsabta ga masu sauka, da buta da sabulu kafin abinci tunda hannu ya sha taya. Abin da ya fi ɓata min rai a irin wannan taro shi ne yaron da aka sa tsaron ƙofa ya ga baƙo yana rarrafe ya ce masa "Allah ya ba da haƙuri," yana zaton bara ya zo. A tsayar da wanda ya san abokan ma'auratan a ƙofa. Maroƙi ma a ja shi gefe tun da wuri a sallame shi da kyau, da sharaɗin ya yi kirarin asali da sana'a, ban da neman tausayi. Abokan wasa fa? Wasan taubasai da na ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, ba ya barin kowa, kuma angon da aka ƙi tsokana ya san an ware shi. A tsokane shi kan rowa, kan tsoron amarya, kan cin tuwo. Ƙafarsa shi kaɗai ke da ikon buɗe wasa da ita. Lokacin liƙi a ajiye faranti a gabansu, mutane su zo bi da bi, kada a rufe su ta sama har iska ta gagara. Mai hoto ya durƙusa, dangi su zauna a gefensu.

Kai amarya da dare ake yi, cikin guɗa da gaggawa, a nan ne aka fi yin ɓarna. Ƙaramar mota ta fi sauƙin shiga daga keke, amma ba ta ratsa rairayin ƙauye. Mota mai tsayi tana ratsawa, shigarta ce aiki. Dabarar masu lodin dabbobi a kasuwa tana aiki a nan: a tara tudun ƙasa mai gangare, ko a ɗan haƙa inda tayoyin mota za su sauka, bakin ƙofarta ya zo daidai. In amalanke ne, haka za a yi masa. Amarya ta zauna a kan katifa da mata biyu a gefenta, a ɗaure keken daban. Keken ya bi motar da take ciki, shi za a fara saukewa, don kada amarya ta yi zaman jira a ƙofar miji ana neman wanda ya tafi da shi. In tilas sai an ɗaga, mata biyu da ta zaɓa da bakinta, waɗanda suka gwada tun kafin ranar, su za su yi. A danne birki kafin kowane hawa da sauka. Ba a ɗaga keke ta madafin hannu ko matakin ƙafa, cirewa suke yi. Jikin ƙarfen ake kamawa. A rairayi a kwantar da shi baya kaɗan a kan manyan tayoyi a ja shi da baya. Kanta a rufe yake da mayafi, ba ta ganin gabanta, don haka mai tura ta ta riƙa raɗa mata: ga gangare, ga ƙofa, mun iso. Fitila biyu su haska ƙasa, ba fuskokin mutane ba.

Bayan biki a je ofishin magajin gari a yi rajistar aure a karɓi takarda. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi doka mai lamba 2019-62 a Disamban 2019 kan shigar da su cikin al'amuran jama'a, don haka in matakala ta tare ƙofar ofis, neman a fito da rajista waje ba roƙo ba ne.

Saura abu ɗaya, wanda magini da gwaggonni duk sukan manta. Ana gobe kai amarya, a bar ango shi kaɗai a ɗakin da aka jera, kowa ya fita. Ya gwada kunna fitila, ya ɗebi ruwa a randa, ya je ban ɗaki ya dawo, ya hau gado ya sauka ta kowane gefe. Sannan ya gwada sakata. A gidajenmu ana kafa ta daidai kafaɗar mutum a tsaye, wani lokaci har da ta sama. A kira kafinta ya sauko da ita zuwa mita 1 daga ƙasa, ya ɗaura igiya a marfin ƙofar yadda za a jawo shi daga kan keke, domin in an gama sayen baki abokai da ƙawaye sun fita, ɗayansu ne zai rufe ƙofar daga ciki.